Malama Hamdiya da Yarinyar da ke Karatu a Kan Kitso

Malama Hamdiya 'yar Tambuwal ce, ɗiyar wani tela mai shago a bakin kasuwa, mutumin da ya ɗinka wa rabin garin kayan salla amma bai taɓa gama na 'ya'yansa kafin safiyar idi ba. A wurinsa ta gaji iya zama wuri ɗaya, da kuma ɗabi'ar duban abu ta baibai. Shi in an kawo masa riga ba ya tsayawa yabon aikin wuyanta, juya ta yake ya ga ɗinkin ciki. Ita ma haka ta tashi. In kowa ya ce abu ya yi kyau, sai ka gan ta ta yi shiru tana leƙa bayansa, abin da ya sa 'yan uwanta suka ce ba ta da daɗin zuwa kasuwa.

Ta daɗe tana koyar da Hausa a Tambuwal kafin a mayar da mijinta, malamin gona, zuwa Kebbe. Ta bi shi, aka ba ta aji a wata sakandaren 'yan mata da ke bayan gari. Daga nan ne ta samu tafiya kwas Sakkwato, ta dawo da takardar shaidar ba ɗalibai shawara. Firinsifal ya juya takardar, ya yaba, ya rasa abin da zai yi da ita. Ƙarshenta ya sa aka kwashe tsintsiyoyi da karyayyun bencina daga wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin malamai, aka ce ga ofis. 'Yan mata suka sa mata suna Malama Gaidans, wato mai ba da shawara. Malamai kuwa a bayan idonta cewa suke ta samu aikin zama, albashi na shiga.

Da farko masu makara ake turo mata, da masu faɗa, da duk wadda ta fashe da kuka a aji aka rasa dalili. Ba ta da bulala, ba ta da doguwar nasiha. Allura da zare take da su a aljihun tebur. Yarinya na shigowa za ta ce mata miƙo hijabin nan, bakinsa ya farke, sai ta duƙufa ɗinki. Ta gano tun da wuri cewa yarinya ba ta faɗin abin da ke cinta muddin ana kallon ƙwayar idonta. Da haka ta ji abubuwan da iyayen da suka haife su ba su ji ba. Lokacin girbi kuwa, in kujerar wata ta yi kwanaki babu kowa, za ta hau kabu-kabu ta bi hanyar nan mai karya baya har ƙauyen, ta zauna a kan tabarma ba ta tashi sai an ba ta ranar da yarinyar za ta koma aji. Tana da sanyi, amma akwai kalma ɗaya da ke tayar mata da hankali. Duk malamin da ya kira ɗaliba daƙiƙiya a gabanta, ranar zai sha shayinsa ba daɗi.

Mu'minatu ba ta cikin waɗanda ake turowa. Ina ita ina ofishin masu laifi? Ita ce bakin makarantar. Ita ke karanta labarai a taron safe, da Turanci da Hausa, takarda a hannu, ba gargada ba tuntuɓe. Ita ke zuwa muhawara ta dawo da kofi. A musabaƙar Alƙur'ani ta taɓa kaiwa har Sakkwato. In baƙi suka zo daga ma'aikatar ilimi, firinsifal ba ya neman kowa sai ita. Ga ta da iya kitso, duk ajin ƙarshe ba kan da bai bi ta hannunta ba, kuma ba ta karɓar ko sisi. Burinta ɗaya, kowa ya sani: ta shiga kwalejin horon malamai a Sakkwato, ta dawo ta koyar da ƙananan yara.

Malam Ɗanmaliki mai koyar da bayoloji ne ya kawo ta, bayan jarabawar gwaji ta ajin ƙarshe, ransa a ɓace. Ya ce yarinyar nan a aji kafin ya rufe baki ta ba da amsa, amma a duba abin da ta rubuta masa. Rabin tambayoyin ba ta taɓa ba, wanda ta taɓa kuwa sai ka ce kaji sun yi tono. Kuma ba yau ta fara ba. Shekara da shekaru ana ɗaga mata ƙafa, ana cewa tsoron jarabawa ne, ana cike mata maki da abin da ta yi a aji, don ba wanda zai iya kayar da yarinyar da ta kawo kofi. To yanzu babbar jarabawa ta zo, masu dubawa ba su san kofi ba. Shi dai a ganinsa raini ne. Matan unguwa kuwa tuni suka yanke cewa baki ne ya kama ta, yabo ya yi yawa, har uwarta ta sa an yi mata rubutun sha.

Da ya fita, Malama Hamdiya ta nemi bakin hijabi ta rasa inda ya farke, sai ta ɗauko na wata da aka bari. Ta miƙa wa Mu'minatu littafin bayoloji, sabon bugu da aka aiko makarantar bai daɗe ba, ta ce ta karanta mata babin zuciya, ita ba ta taɓa gane shi ba. Yarinyar ta buɗe, ta yi ta juyawa har ta kai hoton zuciya, ta ɗora yatsa, ta fara. Turanci na zuba tiryan-tiryan, yatsa na tafiya, murya na sauka inda ya kamata ta sauka. Daga inda Malama take zaune littafin a juye yake, kai a ƙasa. Ta saci kallo, ta sake sata. Abin da bakin ke faɗi ba shi ne a ƙarƙashin yatsan ba. Ta bari ta ci gaba, har Mu'minatu ta karanto, a cikin wannan Turancin mai kyau, cewa zuciya tana aiki ne kamar famfon burtsatsen da ke bayan ɗakin malamai. Ba a taɓa buga littafin da ya san da wannan famfo ba. Zancen Malam Ɗanmaliki ne, har da inda yake jan numfashi.

Malama ta soke allurar a jikin hijabin. A hankali ta ce, "Mu'minatu, wa yak karanta miki wanga babi?"

Yatsan ya tsaya. Sannan yarinyar ta ce, kanta a ƙasa, "Kan Maryama na, Malama."

Sai da ta yi bayani Malama ta gane. Ashe kitson nan na kyauta ba kyauta ba ne. Duk wadda ta zauna a gabanta, sharaɗin shi ne ta riƙe littafi ta yi ta karantawa da ƙarfi, wai don kada hira ta cinye musu lokacin bita. Hannu na kitso, kunne na ɗauka. Ji ɗaya, in ya yi wuya biyu, ya zauna, ta haɗa da abin da malami ya faɗa a aji. Kuma kowane babi yana nan a ajiye tare da kan da aka yi shi a kai. Zuciya da jini kan Maryama ne, ranar da ta yi mata shuku. Tsarin mulkin ƙasa kalabar wata ce 'yar Sanyinna. Labaran taron safe kuwa, mai rubutawa ce ke karanta mata su a hanya, wai ta ji ko sun yi daɗi.

Malama ta fara kiran sunayen 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiran rajista. Kowane suna ta kira, sai babi ya fito, da tarihi, da adabi, da ilimin gona, ba a tsallake layi ba. Ta yi shekaru tana koyarwa, ta ga yara masu ƙwaƙwalwa, amma ba ta taɓa zama kusa da abu irin wannan ba, har ta ji tana ambaton sunan Allah a ranta ba ta sani ba. Tsoro ma ya kama ta, don ta hango irin nauyin da yarinyar ta ɗauka ita kaɗai tun tana firamare, kullum cikin shirin kada a kama ta.

Ta buɗe wani shafi da ba hoto, ta ce to karanta nan, da ido. Mu'minatu ta yi gumi kafin ta kai ƙarshen layin farko. Ta ce, "Baƙaƙen ba su tsayawa, Malama. In na kama wanga, wancan ya tsere. In na komo, sun sake wuri."

A kwas an koya wa Malama sunan abin, disileksiya, kalmar da ta san ba bakin da zai ɗauke ta a Kebbe. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne yadda gari guda ya kasa gani, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Laifin na kalmar karatu ne. Wanda ya buɗe littafi ya bi da ido, karatu yake. Wanda ya rufe ido ya kawo sura da ka, karatu yake. Wanda ya hau mota ya tafi Sakkwato ya zauna a aji, an ce ya tafi karatu. To ka tare kowa ka tambaye shi ko Mu'minatu ta iya karatu, zai rantse maka ta iya, kuma ba kaffara a kansa. Ba wanda ya taɓa raba na ka da na duba, don wanda ya iya ɗaya ana ɗauka ya iya ɗayan.

Malama ta shiga aiki. Ta yanka kwali ta yi masa 'yar taga, yadda layi ɗaya kaɗai zai fito, sauran su ɓuya. Ta sa ta rubuta baƙaƙe da yatsa a cikin rairayi tana kiran sautinsu. Ta riƙa karanta darussa a wayarta tana naɗa, har mijinta ya ce ya auri gidan rediyo. Ran Asabar takan ɗauke ta su tafi Tambuwal, wurin wani mai koyar da kwamfuta, a ƙara girman rubutun, don jarabawar shiga manyan makarantu a kwamfuta ake yin ta. An samu ci gaba, ba a ce ba a samu ba. Amma Malama ba ta yaudarar kanta. Da wannan saurin, lokacin jarabawa zai ƙare yarinyar tana kan tambayoyin farko, da amsoshin duka a kanta.

Ta yi ta buga waya har ta dace da wata tsohuwar malamarta a sashen koyar da masu buƙata ta musamman a Sakkwato. Matar ta ce a kawo yarinyar a gwada ta. In an tabbatar, za a nema mata ƙarin lokaci da wanda zai karanta mata tambayoyi, kuma in ta shiga kwaleji a san yadda za a taimaka mata. Sai dai dole uba ya yarda, dole kuma sunanta ya shiga layin masu naƙasa, kuma a yi kafin a rufe rajista.

Nan Mu'minatu ta tubure. Ta ce gara ta faɗi jarabawa a ce baki ne, da a gaya wa babanta. Alhaji Shaihu ɗan kasuwar hatsi ne, dawa da gero, bai yi boko ba, kuma ba abin da yake taƙama da shi a duniya kamar wannan ɗiya. Ranar da ta dawo daga musabaƙa rago ya yanka. A rumfarsa 'yan kasuwa Baban Mai Karatu suke kiransa, yana amsawa yana gyara hula. Malama ta ce mata ba za ta je bayan idonta ba, amma kuma ba za ta daina tambaya ba. Haka ta yi, kullum, ba faɗa ba gajiya, har rajista ta zo gab da rufewa. Ranar nan yarinyar ta ce to ta zo, amma ita ba ta yi alkawarin komai ba.

Bayan la'asar Malama ta yi sallama a gidan Alhaji Shaihu. Uwar ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida kusa da rumbu, aka kawo fura, aka kira Alhaji. Ya zo da fara'arsa, a zatonsa wani kofin ne. Malama ta bi a hankali, ta fara da yabo, kuma yabon gaskiya ne. Yana ta gyaɗa kai har ta iso kan kalmar naƙasa. Fuskarsa ta sauya nan take.

"Malama, ina ganin girmanki. Amma musaki shi na wanda ba shi da ido ko ƙafa. Ɗiyata gaban manyan malamai tat tashi tay yi karatu, anka ba ta kyauta. Yanzu ki zo gidana ki ce ba ta iya ba?"

Ta ce ba ta ce ba ta iya karatu ba, ta ce da ka take yi, na duba ne ke ba ta wuya. Ya ce shi bai san wannan rabe-raben ba, karatu karatu ne. Ya waiga, ya hango buhun irin shuka da ya sayo don damina jingine da rumbu, da rubutun Hausa manya-manya a jikinsa. Ya jawo shi da hannu ɗaya ya dire a gaban tabarma, ya ƙwala wa Mu'minatu kira, ya ce ta karanta wa malamarta abin da ke nan, a huta.

Malama ta dubi buhun. Ta san ba abin da ke da rubutu a gidan nan da yarinyar ba ta riga ta haddace ba, kalanda ne, gwangwanin madara ne, buhu ne, don ita da kanta ta gaya mata haka take yi, ta sa wani ya karanta a gabanta sau ɗaya ta ajiye don irin wannan rana. Yanzu abin da ya rage mata kawai ta ɗora yatsa ta zuba. Uban zai yi dariya, Malama ta sha kunya ta tafi, Baban Mai Karatu ya koma rumfarsa da sunansa. Kwaleji kuma shi ke nan. Malama ba ta ɗaga kai ba, ba ta yi mata ko ishara ba. Ta ƙura wa kwanon fura ido, don ta ga wannan ba nata ba ne.

Mu'minatu ta durƙusa gaban buhun. Ta ɗora yatsa. Ta ja numfashi irin wanda take ja a taron safe, har leɓɓanta suka buɗe. Sai ta rufe su. Ta sa tafin hannu ta kare layin ƙasa, ta matso da fuskarta.

"In... ni... in... ga..."

Ta tsaya, ta koma farko. Kalmar ingantaccen ta ɗauke ta lokacin da a da take karanta shafi guda. Uwar ta fito bakin ɗaki ta tsaya da ludayi a hannu. Yarinyar ta haye kalma ta biyu da kyar, ta iso ta uku, gajeriya, baƙaƙe huɗu. Ta dube ta, ta dube ta. Ta san abin da ke cikin buhun, a cikinsa ta girma, da kuɗinsa aka saya mata littafi. Amma abin da idonta ya ba ta shi ta faɗa.

"Bawa," ta ce. "Irin... bawa." Hawaye ya zubo. "Haka nika ganinai, Baba. Na san dawa ta. Amma haka nika gani."

Malama Hamdiya ta sha gaya wa mutane daga baya cewa ta ji yarinyar nan ta kawo littattafai da ka, ta yi mamaki, amma ba ranar da ta ji girmanta ya cika mata ido kamar ranar da ta karanta kalma uku ta ɓata ɗaya.

Alhaji Shaihu bai motsa ba. Ya dubi buhun, wanda shi kansa bai san baƙi ko ɗaya a jikinsa ba, ya dubi ɗiyarsa. Da ya yi magana, muryar ba ta ɗan kasuwa ba ce.

"To labarun da kika karantawa gaban makaranta, da takarda ga hannu?"

"Da ka na, Baba."

"Da Turancin?"

"Da shi."

"Littattafan nan duka da nika saye?"

"Duka suna nan," ta ce, ta taɓa kanta.

Ya cire hularsa ya riƙe. Ya tambaye ta tun yaushe, ta ce tun aji ɗaya na firamare. Ya yi ta maimaita aji ɗaya, aji ɗaya, a hankali, kamar mai lissafin shekarun da ya yi yana kwana gida ɗaya da abin bai sani ba. Ya ce da ta faɗa masa. Ta ce ta ga yadda yake jin daɗin sunan. Nan ya kau da kai wajen rumbu, ya daɗe bai juyo ba.

Da ya juyo, Malama ya fuskanta. Ya tambaya ko in an sa sunanta a wancan layin, da gaske wani zai zauna ya karanta mata tambayoyin. Malama ta ce abin da za a nema ke nan, ba ta da tabbacin komai sai an gwada ta, amma in ba a sa ba, ko nema ba za a yi ba. Ya tambaya ko mutanen kasuwa za su ji. Ta ce za su ji, Kebbe ce.

Ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama.

"Su ji. Gobe ni ka kai ta Sakkwato da kaina. Ku rubuta musaka, Malama, in shi na abin da ka sa a karanta mata. Ni na san abin da nih haifa."